Kundin Aikin Sabunta Wayoyin Wuta da Gyaran Katangar Iyaka

4 ga Janairu

Na buɗe wannan kundi ne domin in riƙa rubuta abin da aka yanke da abin da aka aikata a ayyuka biyu da na daɗe ina jinkirtawa, wato sabunta wayoyin wutar lantarkin gidana gaba ɗaya, da kuma gyaran katangar da ta raba tsakar gidana da ta maƙwabcina na gabas. Abin da ya tilasta mini na farkon shi ne wani ƙauri da muka yi mako guda muna ji a ɗakin girki ba mu gano inda yake fitowa ba, sai da aka janye firji aka tarar soket ɗin da ke bayansa ya yi baƙi ƙirin, robarsa ta narke ta manne da filogin. Na biyun kuwa ba ya buƙatar bincike, domin katangar ta tsage daga sama har kusa da ƙasa, tsagar ta isa a zura ɗan yatsa, kuma ginin ya fara karkata zuwa ɓangaren maƙwabcin, daidai wurin da jikokinsa suke wasa.

A lissafina na yau ayyukan nan biyu babu abin da ya haɗa su. Zan fara da wuta saboda ita ce ta fi gaggawa, in an gama sai a waiwayi katanga.

11 ga Janairu

Mai gyaran wuta ya zo da safe ya wuni yana duba gidan, kuma ban taɓa ganin an yi wa gida irin wannan binciken ba. Ya fara da akwatin rarraba wuta, wanda har yanzu na tsohon yayi ne mai fis. Da ya zaro fis ɗin da ke kula da soket-soket, sai ya miƙo mini ba tare da ya ce komai ba: a maimakon siririyar wayar da aka yi domin ta ƙone idan lodi ya wuce amfiya 15, wani ya murɗa jan waya mai kauri ninki biyu ya ɗaura a wurin. Ma'anar wannan ita ce fis ɗin ba zai taɓa ƙonewa ba, sai dai wayar da ke cikin bango ta ɗauki zafin a madadinsa, kuma abin da ya faru bayan firji ke nan.

Wayoyin gidan ja da baƙi ne, wato tsohon launi. Tsarin da hukumar ƙa'idojin lantarki ta duniya, IEC, ta daidaita shi ne ruwan ƙasa ga waya mai wuta, shuɗi ga mai komawa, kore da rawaya ga wayar ƙasa, wadda ke kwashe wutar da ta zurare zuwa cikin ƙasa, kuma Birtaniya ma sai a 2004 ta fara sauyawa zuwa gare shi, ta wajabta shi a 2006. Launin kaɗai ba laifi ba ne, amma ya nuna shekarun aikin. Babban laifin shi ne soket bakwai daga cikin goma sha tara ba su da wayar ƙasa ko kaɗan, ga kuma wasu haɗe-haɗe a cikin silin da aka murɗa da hannu aka naɗe da tef, tef ɗin ya bushe yana warwarewa da kansa.

Daga nan ya kashe wutar gidan, ya cire duk kayan da ke jone, ya gwada lafiyar robar da ta lulluɓe wayoyin da wata na'ura mai tura bolt 500. Ya bayyana mini cewa mafi ƙarancin abin da ake karɓa shi ne megaom 1, wato ma'aunin yadda robar ke hana wuta zurarewa, kuma sabuwar waya takan nuna ɗaruruwa. Layuka uku sun tsallake da ƙyar. Na huɗun, wanda ke kai wuta ɗakin baya da ke ƙarshen tsakar gida, ya nuna 0.2 kacal. Muka bi sawunsa daga akwatin, ya fita ta ƙasan taga, sai ga shi ya nutse cikin filastar katangar da ta tsage. Lissafina na ranar 4 ga wata ya rushe ke nan, domin ba za a taɓa katangar ba sai an san abin da za a yi da wayar, kuma ba za a sauya wayar ba sai an taɓa katangar da ba tawa ni kaɗai ba ce.

15 ga Janairu

Mun zauna mun ƙirga lodi, kuma lissafin ba shi da wuya: a raba wat da bolt a sami amfiya. Hitar wanka mai wat 3,000 a kan bolt 230 tana jan kimanin amfiya 13, dutsen guga mai wat 2,000 yana jan kusan 9, kuma su biyun nan kawai sun haura abin da tsohon fis ɗin ya kamata ya ɗauka, tun ba a sa firji da butar lantarki a ciki ba. Mun tsayar da layuka tara a sabon akwati. Fitilu da fankoki za su hau layi biyu da waya mai milimita murabba'i 1.5, domin idan ɗaya ya faɗi kada gidan duka ya yi duhu. Soket-soket za su hau layi uku da waya 2.5 da bireka mai amfiya 20, wato makunnin da ke faɗuwa da kansa idan lodi ya wuce haka, ɗakin girki da nasa shi kaɗai. Hita, na'urar sanyaya ɗaki, murhun lantarki da ɗakin baya kowanne zai sami layinsa, murhun da waya 6 da bireka 32. Na nemi a bar gurbi uku babu komai saboda gaba.

Abin da ban sani ba sai yau shi ne bireka waya take karewa, ba mutum ba. Mai kare mutum ita ce na'urar RCD, wadda ke auna abin da ya fita ta waya mai wuta da abin da ya dawo, idan bambancin ya kai miliamfiya 30 ta katse nan take, domin hakan na nufin wutar tana zurarewa ta wata hanya, wadda tana iya zama jikin mutum. Gidan nan bai taɓa samun irinta ba.

22 ga Janairu

Na je wurin maƙwabcin bayan na aika an nemo mini izini. Dattijo ne da ya girme ni nesa, ya kuma riga ni zama a nan da shekaru masu yawa. Bayan gaisuwa na ce masa, “Baba, maganar katangar nan ce ta kawo ni, domin ina tsoron kada wata rana ta faɗo wa yaran nan.” Ya yi murmushi ya ce ya daɗe yana kallonta, amma ya yi shiru ne don kada in ɗauka ƙorafi yake kawowa. Muka fita tare muka tsaya a gaban tsagar, sai ga ƙadangare ya leƙo daga cikinta ya koma. Ya dube ni ya ce, “To, ɗana, ga abin da magabata suka faɗa ka gani da idonka. Mu toshe ta tun bai shigo mana da wani abin ba.”

Na tambaye shi wanda ya gina katangar, domin a nan ne hukuncin komai yake. Idan tana cikin filin mutum ɗaya gaba ɗayanta, tasa ce, shi ke da iko da ita kuma shi ke da nauyinta. Idan kuwa ta hau kan layin iyaka, rabi nan rabi can, to babu wanda zai rushe ta ko ya ƙara mata tsawo ko ya fafe ta shi kaɗai. Ya ce shi da wanda na sayi gidan a hannunsa suka haɗa kuɗi suka gina ta. Na yarda da maganarsa, amma na roƙe shi mu fito da takardun filayenmu mu kira safiyo ya tabbatar, saboda ni da shi ba za mu dawwama ba, kuma waɗanda za su gaje mu takarda za su duba. Da farko na ga fuskarsa ta ɗan canza, kamar na ce ban amince da shi ba, sai da na ƙara bayani sannan ya saki rai.

29 ga Janairu

Safiyo ya gano turakun iyaka biyu, ya ja layi tsakaninsu, layin ya ratsa tsakiyar katangar da bambancin da bai kai santimita biyu ba. Ta mu biyu ce.

Magini ya zo da rana. Ya sako igiya mai ɗaure da ƙarfe daga saman katangar, aka ga ta kauce da santimita 6 a tsawonta na mita 1.8. Sannan ya haƙa ƙaramin rami a gindinta ta ɓangarena, kuma abin da ramin ya nuna bai yi mini daɗi ba. Harsashin bai wuce zurfin santimita 30 ba, katangar mai tsawon mita 14 ba ta da ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya, ƙasar da ke ƙarƙashin tsagar kuma laushi gare ta kamar an jiƙa ta jiya. Ya ɗaga kai ya nuna mini indararon rufina, wanda ke zuba daidai wurin. Shekara da shekaru ruwan gidana ne ke cin gindin katangar. Da ya ɓamɓare filastar kuma sai ga wayar ɗakin baya kwance tsirara babu bututu, an fafe bulon a karkace daga ƙasan taga zuwa saman katangar, kuma tsagar ta bi wannan fafewar sau da ƙafa, domin nan ne ginin ya fi rauni.

Ba ni na binne wayar ba, ba kuma ni na kafa indararon ba, amma duka biyun a gidana suke, kuma da na sayi gidan na saye su tare da shi. Na gaya wa Baba cewa zan ɗauki kashi biyu bisa uku na abin da za a kashe. Ya nace a raba daidai, na nace a kan nawa, a ƙarshe ya bari.

5 ga Fabrairu

Yau muka sa hannu a takardar yarjejeniya, shafi biyu, kowa da kwafinsa, da shaida ɗaya daga kowane ɓangare. Wani abokina ya ce na cika tsanani, wai tsakanin maƙwabta baki ya isa. Ban yarda da shi ba, domin na ga cewa yawancin rigimar gini ba daga mugunta take tasowa ba, daga mantuwa take, kowa ya tuna maganar yadda ta fi masa daɗi. A Ingila da Wales har doka aka yi a kan wannan a 1996, wadda ta wajabta wa mai son taɓa bangon tarayya ya ba maƙwabcinsa sanarwa a rubuce wata biyu kafin ya fara, ko wata ɗaya idan haƙa zai yi a cikin mita 3 daga ginin maƙwabcin har ya zarce zurfin harsashinsa, kuma idan kwana 14 suka wuce babu amsa ana ɗauka an sami saɓani, sai a naɗa masani ya shiga tsakani. Kowace ƙasa da nata tsarin, kuma na riga na tambayi hukumar da ke ba da izinin gini abin da take buƙata a wurina, amma dabarar dokar can na ara.

Takardar ta ƙunshi cewa za a rushe mita 9 na katangar a sake ginawa a kan layinta na da, tsawonta ya zama mita 2, babu ƙari. Ma'aikata za su shiga ɓangaren Baba daga ƙarfe 8 na safe zuwa 5 na yamma kawai, kuma za a kafa shingen kwano a ranar da aka rushe domin kada gidansa ya kwana a buɗe. Baraguzai ta gidana za su fita. Duk abin da aikin ya ɓata a wurinsa ni zan gyara. Sakin layin da na fi damuwa da shi shi ne na ƙarshe, wanda ya ce daga yau babu wanda zai binne waya ko bututun ruwa a cikin katangar, ko ya jingina mata rufi, ko ya sakar mata ruwa, sai da amincewar ɗayan a rubuce.

Bayan sa hannu na zaga ɓangarensa tare da babban ɗansa muka ɗauki hotuna 46 na daɓen, da bangon ɗakin da ke kusa, da kowace tsohuwar tsaga, an ɗora tef ɗin awo a kanta. Idan gobe aka ce aikina ne ya tsaga wani wuri, hoton zai gaskata mai magana ko ya wanke ni.

9 ga Fabrairu

Mun sami saɓani da mai gyaran wuta. Katangar tsakar gida idan ta iso jikin gini sai ta zama bangon ɗakin kwanana, wanda bayansa ɗakin Baba ne, kuma a wannan bangon nake son soket biyu a gefen gado. Shi yana so ya fafe bangon ya binne bututu kamar sauran ɗakuna, yana cewa ƙa'ida ta yarda a fafe a tsaye har kashi ɗaya bisa uku na kaurin bango, a kwance kuma kashi ɗaya bisa shida, wato a bango mai milimita 225 ana iya shiga 75 a tsaye. Lissafinsa daidai ne ga bango cikakke. Namu kuwa bulo ne mai rami, fatarsa siririya ce, kuma da na shiga ɗakin Baba na auna, na tarar yana da soket a daidai bayan wurin da nake son nawa. Akwati biyu baya da baya a bulo mai rami na nufin kusan babu abin da ya rage tsakanin ɗakunan biyu, sauti zai wuce, hayaƙi ma zai wuce in an yi gobara.

Na yanke cewa ba za a sa guduma a wannan bangon ba. Wayar za ta sauko daga silin a cikin kwaroron roba mai murfi da ake maƙalawa a fuskar bango, soket ɗin ma na kan bango ne. Ba zai yi kyan gani kamar binnannen ba, uwargida ma ta faɗa, amma kwana huɗu da suka wuce na sa hannu a kan cewa ba zan binne komai ba.

16 ga Fabrairu

Layin ɗakin baya zai bi ta ƙarƙashin ƙasa a ɓangarena, tazarar mita ɗaya daga katangar. Tsawonsa daga akwati mita 30 ne, kuma a irin wannan nisa ƙarfin wuta na raguwa a hanya. Waya 2.5 tana zubar da kimanin milibolt 18 a kowane amfiya a kowace mita, saboda haka a lodin amfiya 20 za a rasa bolt 10.8, alhali abin da aka yarda a rasa a layin da ke ɗauke da fitilu kashi 3 cikin 100 ne, wato bolt 6.9. Waya 4 za ta rasa 6.6, ta tsallake amma ba ta bar komai ga wayoyin cikin ɗakin ba. Waya 6 za ta rasa kusan 4.4, kuma ita muka zaɓa. Kebul mai sulken ƙarfe ne, za a kwantar da shi a zurfin santimita 60 a kan yashi, a rufe da yashi, a shimfiɗa tef ɗin gargaɗi a samansa kafin a mayar da ƙasa.

Tsarin aikin yanzu ya fito: a kashe tsohon layin, a rushe katanga, a zuba harsashi, a karkatar da indararo, sannan a haƙa ramin kebul. Cikin gida kuwa za a riƙa bi ɗaki-ɗaki, tunda muna zaune a ciki.

23 ga Fabrairu

An fara rushewa, kuma Allah ya kiyaye a yau. Mai gyaran wuta ya cire tsohon layin daga akwati tun jiya, da safe kuma ya kashe babban makunnin gidan gaba ɗaya don ƙarin tabbaci. Da leburori suka sauke layin bulo na uku daga sama, sai ga wata waya ta biyu da babu wanda ya san da ita. Wani yaro daga cikinsu ya ɗauko filaya zai datse, tunda kowa ya san an kashe wutar gidan. Mai gyaran wuta ya daka masa tsawa daga nesa, ya zo ya ɗora na'urar gwaji, sai ta nuna bolt 228. Wayar ba daga gidana take ba, daga mitar Baba take, tana kai wuta ga wata fitila da aka cire tun da daɗewa, aka bar bakin wayar a cikin filasta da wutarta.

Baba da kansa bai san da ita ba, kuma na ga hannunsa yana rawa lokacin da aka nuna masa. Aka tsayar da aiki awa biyu har aka gano fis ɗinta a akwatinsa aka raba ta daga tushe. Kuskuren namu ne mu duka, ni da masu aikin, domin mun yi mako shida muna tsara komai a kan cewa bangon na mutum biyu ne, amma babu wanda ya tuna cewa wutar da ke cikinsa ma tana iya zama ta gida biyu. Ya roƙi mai gyaran wutar ya duba masa gidansa idan ya gama da nawa.

2 ga Maris

An zuba harsashi mai zurfin santimita 60 da faɗin 60, a kan ƙasa mai tauri, da kankare na siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu. An tsayar da rodin ginshiƙai a kowace mita 3. Magini ya so ya fara jera bulo washegari, na ce a bari a yi ta ba shi ruwa safe da yamma har kwana bakwai, domin kankare ba bushewa yake yi ya yi ƙarfi ba, da ruwan yake haɗuwa, kuma sai ya kwana 28 ake lissafin ya kai ƙarfinsa. Indararon an haɗa shi da bututu ya sauka cikin magudanar gidana.

12 ga Maris

Katangar ta kai tsawonta, an bar siririyar tazara inda sabon gini ya haɗu da tsohon domin kowanne ya motsa ba tare da ya ja ɗan'uwansa ba, kuma an ɗora mata hular kankare mai gangare zuwa ɓangarorin biyu daidai. A cikin gida an gama fafe falo da ɗakuna biyu. Na tsaya a kan cewa kowane bututu ya tafi a miƙe, ko dai tsaye daga soket ko makunni, ko a kwance daga gare su, ko kuma cikin santimita 15 daga silin ko kusurwa, domin duk wanda zai buga ƙusa nan gaba ya iya hasashen inda waya take. Kafin a rufe kowane bango na ɗauke shi hoto da tef ɗin awo a jikinsa, na kuma zana shi a bayan wannan kundi. Mai filasta ya yi ta gunaguni wai ina ɓata masa lokaci.

19 ga Maris

An kafa sandar ƙasa, wato ƙarfen da ake bugawa cikin ƙasa a haɗa wayar ƙasa da shi, awon farko na tirjiyar da wuta ke samu kafin ta shige ƙasa ya nuna om 310, wanda ya yi yawa, domin ana so ta sauko ƙasa da 200 kafin a dogara da ita. An ƙara wata sandar a kanta aka zurfafa, ta sauko zuwa 84. An ɗaura sabon akwati, layuka biyar sun hau, kuma kowannensu ya nuna sama da megaom 200 a gwajin roba. Saura ɗakin girki, hita, murhu da kebul ɗin ɗakin baya, wanda raminsa ya tsaya a mita 18 saboda an ci karo da tsohon bututun ruwa, sai mai gyaran famfo ya zo ya faɗi ko yana aiki. Ba zan biya kason ƙarshe ba sai an gwada kowace RCD a gabana an ga ta katse cikin lokacin da ya kamata, an rubuta sunan kowane layi a jikin akwatin, an kuma ba ni takardar sakamakon gwajin da sa hannun mai aikin.

Filastar ɓangaren Baba an sa ranar 24 ga wata. Akwai tayil biyu na daɓensa da bulo ya fasa ranar rushewa, na duba hotunan 5 ga Fabrairu na ga lafiyarsu ƙalau a lokacin, saboda haka na ba da ɗaya a nemo mini irinsu.